Gorunan ƙarfe a kan teku: shin igiyar ruwa za ta iya ba ƙasa wutar lantarki?

Wani ɗalibi da ke karatun injiniyan lantarki ya aiko da tambaya. Ya ce ya ga hoton bidiyo na wasu manya-manyan gorunan ƙarfe masu launin rawaya suna sama suna ƙasa a kan teku, aka ce daga wannan motsi ake samar da wutar lantarki har a tura ta babban layin ƙasa. Yana so ya san ko gaskiya ne, da yadda abin yake aiki, kuma idan gaskiya ne, me ya hana ƙasashen da ke bakin teku, har da Najeriya da Ghana, su cika gaɓarsu da irin waɗannan goruna su huta da matsalar wuta.

Ɗan'uwa, gaskiya ne. An haɗa irin waɗannan na'urori da layin wuta a Sikotilan, da Fotugal, da Suwidin, da Ostireliya, da tsibiran Hawaii na Amurka, kuma mita ta nuna wutar da suka bayar. Sai dai bayan shekara 50 ana bincike da gaske, idan aka tattara duk na'urorin igiyar ruwa da ke aiki a duniya yau, ƙarfinsu bai kama ƙafar madatsar Shiroro ita kaɗai ba. Dalilin wannan giɓi shi ne ainihin amsar tambayarka. Na'urar da za ta ci riba daga igiyar ruwa ta yau da kullum dole ta zama mai saurin amsa motsin ruwa, wadda za ta tsira daga mummunar guguwa kuwa dole ta zama mai taurin kai, kuma an daɗe ana neman yadda za a haɗa halayen biyu a jiki ɗaya ba tare da kuɗin ya fi ƙarfin mai sayen wuta ba.

Da farko a raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai cikar teku da janyewarsa a kowace rana, abin da jan wata da na rana ke haddasawa. Shi ne ake tarewa da madatsa a La Rance ta Faransa tun 1966, mai megawat 240, da kuma Sihwa ta Koriya ta Kudu, mai megawat 254. Abin da kake tambaya a kai daban ne.

Igiyar ruwa 'yar iska ce, iska kuma 'yar zafin rana. Idan iska ta yi kwanaki tana kaɗawa a kan faɗin teku na dubban kilomita, sai ta zuba ƙarfinta a cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ruwan ya riƙe shi, ya yi doguwar tafiya da shi ba tare da ya zubar da abin kirki a hanya ba. Shi ya sa guguwar da aka yi can kudancin tekun Atlantika kan aiko da igiyoyinta su iso gaɓar Legas bayan kwanaki, alhali gari garau yake a Legas. Shi kansa ruwan ba ya bin igiyar ya tafi. Kowane ɗigo yana zagayawa ne a wurinsa, ya hau, ya matsa gaba, ya sauka, ya koma baya, ƙarfin ne kawai ke wucewa daga ɗigo zuwa ɗigo. Da yake kuma ruwan teku ya fi iska nauyi sau 800 da ɗoriya, ɗan motsinsa ma yana ɗauke da ƙarfi mai yawa.

Tun da kai ɗalibin injiniya ne, ga lissafin da ake amfani da shi a ruwa mai zurfi. Ka ɗauki tsayin igiyar a mita ka ninka shi da kansa, ka ninka da daƙiƙoƙin da ke tsakanin igiya da mai bi mata, sannan ka raba biyu. Abin da ka samu shi ne kusan adadin kilowat da ke ratsa kowace mita ɗaya ta faɗin gaban igiyar. Igiya mai tsayin mita 2 da ke zuwa duk bayan daƙiƙa 10 tana ɗauke da kilowat 20 a kowace mita, wanda ya isa gidaje da dama. Amma ka lura da ninka tsayin da kansa, domin a nan alherin yake, a nan kuma wahalar take. Idan guguwa ta taso, tsayin ya kai mita 10, tazarar ta zama daƙiƙa 15, lissafin zai ba ka kilowat 750 a kowace mita, kusan ninki 40 na ranar da aka saba. Na'urar da ke samun abincinta daga kilowat 20 dole a ƙera ta yadda za ta jure 750. Kaurin ƙarfenta da sarƙarta da angar da ta kafe ta a ƙasan teku duk an saye su ne saboda ranar guguwa, kuɗin shiga kuwa na ranar da aka saba ne. Farfelar iska tana da mafita, idan iska ta yi yawa sai ta karkatar da fukafukanta ta bar ta ta wuce. Gora ba shi da inda zai ɓuya sai in an ƙera masa maɓoya.

Ƙarfin bai rarrabu daidai a duniya ba. Inda ya fi yawa shi ne gaɓoɓin da ke fuskantar yamma a yankunan sanyi, inda iskar yamma ke kaɗawa dare da rana: yammacin Sikotilan da Ailan, Fotugal, jihar Oregon ta Amurka, kudancin Chile, Afirka ta Kudu da kudancin Ostireliya. A irin waɗannan wurare matsakaicin ƙarfin shekara kan kai kilowat 40 zuwa 70 a kowace mita. Wani rahoto da kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi ya fitar a 2011 ya ƙiyasta ƙarfin igiyoyin ruwan duniya baki ɗaya a kan terawat-awa 29,500 a shekara, wanda ya yi kusan daidai da duk lantarkin da duniya ke samarwa yanzu. Wannan adadi shi masu tallan na'urori suka fi son ambatawa, amma lissafin takarda ne, ya haɗa da wuraren da babu gari ko layin wuta kusa da su.

Yanzu ga yadda goran yake aiki. Duk wanda ya ga masunta a bikin kamun kifi na Argungu ya ga mutum kwance a kan ƙaton gora, duk yadda ruwa ya yi haka goran zai yi. Irin wannan gora ba ya ba da wani aiki, domin babu abin da ke riƙe shi. Kafin a sami wuta sai an sami abu na biyu da ba ya motsi, ko wanda motsinsa ya saɓa da na goran, a sa inji a tsakaninsu, ta yadda duk lokacin da ruwa ya ɗaga goran sai ya ja injin da ƙarfi. Wasu suna ɗaure shi da ƙasan teku kai tsaye. Wasu, kamar masu ƙera PowerBuoy na kamfanin Ocean Power Technologies da ke Amurka, suna zura doguwar sandar ƙarfe ta tsakiyar goran, a can ƙasanta akwai faffaɗan faranti da ya nutse inda ruwa ke da natsuwa, farantin ya riƙe sandar, goran yana hawa yana sauka a jikinta. Wasu kuma suna maƙala gorunan da hannuwan ƙarfe a jikin katangar tashar jiragen ruwa.

Saura mayar da hawa da sauka ya zama wuta. Hanya ɗaya ita ce ta mai da matsi, irin tsarin da ke ɗaga bodin tifa, sai dai an juya shi: goran ya danna fistin, fistin ya tura mai cikin tanki mai matsi, man ya juya wani inji, injin ya juya janareta. Hanya ta biyu ta haƙoran ƙarfe ce, inda sanda mai haƙora ke juya giya, kamar yadda takun ƙafar tela ke zama juyawar ƙafar keken ɗinki. Hanya ta uku ta fi burge ni a matsayina na mai harkar lantarki, domin ta kawar da juyawa gaba ɗaya. A Jami'ar Uppsala ta Suwidin, Farfesa Mats Leijon da abokan aikinsa sun ajiye janareta a ƙasan teku cikin rufaffen kwanso, gora yana sama yana jan sa da waya kamar mai jan guga, jerin maganaɗisu na hawa da sauka a gefen naɗin wayar tagulla, wuta na fita. Sun fara gwada shi a teku kusa da Lysekil a 2006. Akwai kuma masu nutsar da goran kansa ɗan ƙasa da fuskar ruwa don ya kauce wa dukan igiya mai karyewa. Haka aka yi da na'urorin CETO guda uku, kowace mai kilowat 240, da aka kafa a tsibirin Garden kusa da birnin Perth na Ostireliya a 2015. A lokacin suna tura ruwa mai matsi ta bututu zuwa tudu inda yake juya farfela, wutar ta tafi sansanin sojan ruwa da ke tsibirin, aka kuma haɗa da injin tace ruwan gishiri.

Kowace hanya aka bi, matsala ɗaya ake fuskanta, kuma ina so ka tsaya a kanta. Janareta na son gudu da ƙaramin ƙarfi, igiyar ruwa kuwa tana ba da ƙaton ƙarfi a hankali. Janaretan da ka sani a ɗakin gwaji yana juyawa sau 1,500 a minti, ta gefe ɗaya, ba tsayawa. Gora kuwa da ƙyar gudunsa ke wuce mita ɗaya a daƙiƙa, yana tsayawa cik sau biyu a kowace igiya, a ƙololuwa da kuma a ƙasa, sannan ya juya. Don a fitar da kilowat 300 daga abin da ke tafiyar mita ɗaya a daƙiƙa, sai injin ya ɗauki ƙarfin da ya kai nauyin tan 30, wato tirela cike da buhun siminti 600, ya ja ta sama, ya saki, ya sake ja. Idan igiya na zuwa duk daƙiƙa 8, hakan zai faru kusan sau miliyan 4 a shekara, sau miliyan 80 a shekara 20 da ake so na'urar ta yi. Kowane boris, kowace robar hana yoyo, kowane wurin walda sai ya jure wannan a cikin ruwan gishiri.

Abu mafi daɗin fahimta a wannan fanni shi ne batun daidaita lokaci. Idan kana tura yaro a lilo, ɗan turi kaɗan a daidai lokacinsa kan kai shi sama sosai, turi mai ƙarfi a lokacin da bai dace ba kuwa tsayar da shi zai yi. Kowane gora yana da nasa lokacin rawa, gwargwadon nauyinsa da faɗinsa. Ƙaramin gora kan kammala hawa da saukarsa cikin daƙiƙa 3 ko 4, igiyoyin da ke ɗauke da ƙarfi kuwa suna zuwa ne duk daƙiƙa 8 zuwa 12, saboda haka ba sa jituwa, goran na bin ruwa ne kawai kamar na masunci, yana tsintar ɗan abin da ya samu. A tsakiyar shekarun 1970 wasu masana kimiyya biyu a Trondheim ta ƙasar Norway, Kjell Budal da Johannes Falnes, suka nuna cewa idan aka daidaita rawar goran da ta igiya, zai iya jawo ƙarfi daga faɗin ruwan da ya fi jikinsa nesa ba kusa ba. Iyakar wannan faɗi ita ce tsawon igiyar a raba da kusan 6. Igiyar daƙiƙa 10 tana da tsawon mita 156 daga ƙololuwa zuwa ƙololuwa, don haka a lissafi gora mai faɗin 'yan mitoci zai iya sha daga faɗin mita 25. Falnes ya bayyana dalilin da cewa na'urar da ta iya shanye igiya dole ta zama wadda ta iya haifar da igiya: goran da ke rawa yana fitar da tasa igiyar, ita kuma tana kashe wani sashe na mai zuwa, ƙarfin da ya ɓace daga ruwa shi ne ya shiga inji. Dabarar da suka fara kawowa ita ce a damƙe goran na ɗan lokaci idan ya kai ƙarshen tafiyarsa, a sake shi daidai sa'ad da igiya za ta fi tura shi.

Wannan dabara takobi ce mai kaifi biyu, domin goran da aka koya wa tsalle a ranar natsuwa zai kashe kansa da tsalle a ranar guguwa. Kamfanin CorPower na Suwidin, wanda tunaninsa ya samo asali daga wani likitan zuciya mai suna Stig Lundbäck da ya yi nazarin yadda zuciya ke harba jini, ya bi ta bayan gida. Sun ƙera goran ne yadda a halinsa na asali ba ya amsa igiya sosai, sannan suka sa wani sifirin na iska mai matsi da ke ƙara masa rawa idan an kunna shi. A ranar aiki a kunna, a ranar guguwa a kashe, raƙuman ruwa su bi ta kansa su wuce. Goransu mai suna C4, mai faɗin mita 9 da ƙarfin kilowat 300, an kafa shi a Aguçadoura da ke arewacin Fotugal a 2023, ya tura wuta layin ƙasar, kuma a watan Nuwamba na shekarar ya tsira daga guguwar da raƙumanta suka kai mita 18 da rabi. Wannan nasara ce ta gaske kuma na yi murna da ita, amma gora ɗaya na 'yan watanni bai zama shaidar goruna ɗari na shekara 20 ba.

Wutar da ke fitowa daga gora ba ta da fasalin da layin ƙasa zai karɓa. Tana zuwa ne tsalle-tsalle, ta yi sama ta faɗo sifili sau biyu a kowace igiya, igiyoyin kuma ba su daidaita ba, manya kan zo a jere sannan a yi ɗan shiru. Saboda haka sai an fara mayar da ita miƙaƙƙiyar wuta irin ta batir, a ajiye rarar 'yan daƙiƙoƙi a tankin matsi ko batir ko ƙafar ƙarfe mai juyawa, inbata ta sake mayar da ita mai kaiwa da komowa sau 50 a daƙiƙa, taransifoma ya ɗaga ta, sannan ta bi kebur na ƙarƙashin teku zuwa tudu. Idan gorunan na da yawa kuma an warwatsa su, wani na hawa wani na sauka, sai jimillar wutarsu ta fi santsi. Kebur ɗin kansa babban kuɗi ne, musamman ɓangaren da ke rataye tsakanin goran da ƙasan teku, wanda ke lanƙwasawa da kowace igiya. Tsadarsa ce ta sa gwamnatoci suka gina wuraren gwaji da aka riga aka ja musu waya, kamar cibiyar EMEC da aka kafa a tsibiran Orkney na Sikotilan a 2003, da PacWave a gaɓar Newport ta Oregon, wadda aka tsara ta ɗauki har megawat 20.

Tarihin fannin ya fi kowane lissafi koyarwa. Tun 1799 wani Bafaranshe mai suna Girard da ɗansa suka yi rajistar dabarar amfani da igiyar ruwa a birnin Paris. Wanda ya fara cin nasara ta zahiri shi ne Yoshio Masuda, tsohon hafsan sojan ruwan Japan, wanda daga 1965 aka fara sayar da gorunansa masu fitilar nuna wa jirage hanya. A cikinsu ruwa na hawa da sauka a wani bututu yana hura iska kamar zugazugin maƙeri, iskar na juya 'yar farfela ta caja batir. An ƙera ɗaruruwansu. Bayan tashin farashin man fetur na 1973, Stephen Salter na Jami'ar Edinburgh ya fito a 1974 da wata na'ura da aka yi wa laƙabi da agwagwa saboda yadda take kaɗa kai, wadda a tankin gwaji take shanye kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙarfin igiya. Ba ta taɓa shiga teku a cikakken girmanta ba, kuma a 1982 gwamnatin Birtaniya ta yanke kuɗin shirin.

Zagaye na biyu ya zo da sabon ƙarni. Pelamis, wata doguwar na'ura mai gaɓoɓi kamar maciji, ta tura wuta layin Birtaniya daga Orkney a 2004. A watan Satumban 2008 aka buɗe guda uku a Aguçadoura, jimillar megawat 2.25, aka kira ta gonar igiyar ruwa ta farko a duniya. Cikin 'yan watanni aka jawo su tasha saboda matsalar inji, kamfanin da ke zuba kuɗi kuma ya faɗa rikicin tattalin arzikin wannan shekara, ba su sake komawa ba. Kamfanin Pelamis ya durƙushe a 2014. Wani gora mai suna AquaBuoy ya nutse a gaɓar Oregon a 2007, na'urar Oceanlinx ta lalace a kudancin Ostireliya a 2014 tun ana jan ta zuwa mazauninta, Penguin ta kamfanin Wello ta nutse a Orkney a 2019. Su kuwa masu PowerBuoy sun haɗa goransu da layin wuta a sansanin soja na Kaneohe da ke Hawaii a 2010, suka sami lasisin kafa goruna goma masu jimillar megawat 1.5 a Reedsport ta Oregon a 2012, suka janye a 2014, suka koma ƙera ƙananan goruna masu ba na'urorin sa ido wuta a tsakiyar teku. Wato sun dawo kasuwar da Masuda ya buɗe shekara 50 kafin nan, inda abokin gasa batir ne da sai an hau jirgi an je an canja shi.

Ba na kawo waɗannan don in rage darajar waɗanda suka yi aikin ba, injiniyoyi ne ƙwararru da suka sadaukar da shekarunsu. Abin da ya fi kayar da su shi ne gyara. A tudu, idan roba ta fara yoyo, makaniki zai canja ta kafin azahar. A teku sai an yi hayar jirgi da ma'aikatansa, a jira ranar da ruwa zai kwanta, kuma wurin da aka zaɓa an zaɓe shi ne daidai saboda ruwansa ba ya kwanciya. A lokacin hunturu ana iya yin makonni ana jira, na'ura a tsaye, a daidai watannin da ya kamata ta fi kawo kuɗi. Ga tsatsa, ga gansakuka da ƙananan halittu masu ɓawo da ke manne wa jikin ƙarfe suna ƙara masa nauyi suna sauya lokacin rawarsa. Ba mamaki tashar da ta fi daɗewa tana aiki ba gora ba ce. A garin Mutriku na yankin Basque a Sifaniya, an gina ɗakunan iska 16 a cikin katangar tashar jiragen ruwa, kowane da farfelarsa, jimillar kilowat 296, kuma tun 2011 suke ba da wuta. Ƙarfinta kaɗan ne, amma mai gyara na isa wurin da ƙafa. Irin wannan tunani ne ya sa kamfanin Eco Wave Power yake maƙala gorunansa a jikin katanga, a Gibraltar a 2016 da kuma tashar Jaffa ta Isra'ila, injin yana tudu, idan guguwa ta taso a ɗaga gorunan sama a kulle su. Abin da aka biya kuwa shi ne ƙarfi, domin igiya kan zubar da kaso mai yawa nasa a ruwa marar zurfi kafin ta iso katanga.

Akwai kuma abin da ya faru a gefe. A shekarun da ake wannan fama, farashin wutar hasken rana ya faɗi da kusan kashi 85 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, masu farfelar iska kuma sun daɗe da yarda da siffa ɗaya, fukafukai uku a kan dogon turke, suna ƙera dubbai, kowace sabuwa ta fi ta baya araha. Farfela ɗaya ta teku a yau tana kai megawat 15, daidai da goruna 50 irin C4. A fannin igiyar ruwa har yanzu kusan kowane kamfani da tasa siffar, ba a ƙera isassu na iri ɗaya da farashi zai sauko ba.

Duk da haka ina cikin masu ganin bai kamata a bar binciken ba, kuma dalilina na mai kula da layin wuta ne. Igiyar ruwa ba ta san dare ba. Ana iya hasashenta kwanaki kafin ta iso, tana ci gaba da zuwa bayan iskar da ta haife ta ta kwanta, kuma a Turai ta fi ƙarfi a hunturu, lokacin da rana ta yi rauni buƙatar wuta kuma ta ƙaru. Ƙasar da ta riga ta cika da faifan rana da farfelar iska za ta iya biyan yunit ɗin igiyar ruwa da ɗan tsada idan hakan zai rage mata sayen batir. Tarayyar Turai ta sa wa kanta burin gigawat 1 na makamashin teku zuwa 2030 da gigawat 40 zuwa 2050, haɗe da na cikar teku. Inda nake sa ran ganin riba da wuri shi ne tsibirai masu ƙona dizal da aka kawo a jirgi, da tashoshin jiragen ruwa, da kuma tsakanin farfelun iska na teku, inda za a yi tarayya a kebur da jirgin gyara. Can ma sai an zauna da masunta kan wuraren jefa taru, a kuma lura da sarƙoƙin da manyan dabbobin ruwa za su iya sarƙewa a ciki.

Game da gaɓar Afirka ta Yamma kuwa, igiyoyinmu masu doguwar tazara ne, tsayinsu yawanci mita 1 zuwa 2, sun fi ƙarfi da damina. Ka sa mita ɗaya da rabi da daƙiƙa 10 a lissafin da na ba ka, za ka sami kilowat 11, kusan rubu'in abin da ake samu a yammacin Ailan. Amma muna da abin da ba su da shi: mahaukaciyar guguwa irin ta arewacin Atlantika ba ta zuwa mana, don haka tazarar da ke tsakanin ranar aiki da ranar tsira ƙarama ce, ana iya ƙera na'ura marar kauri sosai. Wannan hujja ce ta kai kamfanin Seabased, wanda ya fito daga binciken Uppsala, zuwa Ada ta Ghana kusa da bakin kogin Volta, inda tare da kamfanin TC's Energy na ƙasar suka kafa 'yan na'urorin gwaji a tsakiyar shekarun 2010, aka kuma sanar da yarjejeniyar megawat 100 a 2018. A ɗaya gefen, ruwanmu mai ɗumi ne, halittu masu manne wa ƙarfe sun fi saurin yaɗuwa a cikinsa. Sannan ka auna girman buƙatar: kafin a kai megawat 760 na madatsar Kainji sai an jera goruna irin C4 fiye da 2,500, a kan igiyar da ta fi tamu ƙarfi ma. Najeriya kuma tana da tashoshin da aka riga aka gina waɗanda ba sa ba da duk abin da za su iya saboda ƙarancin iskar gas da raunin layin dakon wuta, ga rana mai ƙarfi a Arewa da faifanta ya yi araha. Da za a ba ni kuɗin ƙasa in zaɓa, a nan zan fara sa su.

Idan ka sake ganin irin wannan bidiyo, ka nemi sanin wata nawa na'urar ta yi a cikin teku ba tare da an jawo ta tasha ba, da yunit nawa mita ta ƙirga a tudu cikin wannan lokaci, domin adadin kilowat da ake rubutawa a jikinta ƙololuwar abin da za ta iya ne a igiya mai kyau. Idan kuma kana so ka yi aikin kammala karatunka a wannan fanni, kada ka fara da walda gora. Ka samo bayanan tsayin igiya da tazararta na shekara guda cur daga wuri ɗaya, Legas ko Ada, ka jera su awa-awa, ka lissafa ƙarfin kowace awa, sannan ka gina tsarin janareta da inbata a kwamfuta ka ga wutar da zai fitar, da girman ajiyar da ake buƙata kafin ta yi santsin da layin ƙasa zai karɓa.